Hutun da Muka Kai Kaka Bankwana

Lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya ci ƙauyenmu, kakata ba ta nan. Tana Bakura, gidan gwaggona, ta je yi mata wankan jego. Kafin ta dawo an kwashe mu an zube a sabon matsuguni, can kan tudu wajen Maradun, inda fartanya ke kuka in ta bugi ƙasa. Kowa ya yi kukansa, ya share hawaye, ya kama gini. Ita kuwa ta ce ba ta tashi ba. A wurinta, wanda bai tsaya a ƙofar gida ya yi bankwana ba, bai bar gidan ba, ko da an ɗauke shi an kai shi Makka.

Haka ta zauna da mu zaman baƙunta, ba ta sa baki a komai, tana ta ramewa. Gwaggo ta samu ƙofa: duk wanda ya zo daga Bakura sai ya zo da saƙon a ba ta tsohuwarta ta koma can. Ni kuma na ce ba a isa ba. Wannan tsohuwa ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ba na jin kunyar cewa ina kishinta. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, ga ƙuruciya ga farin wando, ina ganin babu matsalar da ta fi ƙarfin kaina. Na ce abin ai mai sauƙi ne: a kai ta ta yi bankwanan, hankalinta ya kwanta, ta zauna da mu.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne mai kwalekwale. Da can manomin albasa ne a fadama, da fadamar ta nutse sai ya koma kamun kifi. Da aka ba mu hutun bazara, ruwa ya ja baya, na same shi muka shirya. A lissafina tafiyar wuni ɗaya ce.

Kaka ce ta rushe lissafin. Tashin da aka yi ya watsa danginmu ko'ina a gefen ruwan, ta ce ba za ta wuce ƙofar kowa ba, ita ba marar tarbiyya ba ce. Sai muka shiga yawo. Yau mu kwana gidan wannan, gobe a riƙe mu gidan wancan, wani wurin a aiko da jaki a ɗauke ta har cikin gari. Mun je har wajen Faru don kawai ta yi wa wata ƙawarta gaisuwar mutuwar da ta kwana biyu. Kusan hutun nan gaba ɗaya a kan ruwa na cinye shi.

Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Babu ƙararrawa, babu alli, babu hedimasta. Da hantsi Baffa ya gasa kifi a bakin gaɓa, mu haɗa da hocen da aka ƙunso mana, in kishingiɗa ina kallon belbela. Kaka tana tsakiyar jirgi a kan tabarma, riƙe da laima kamar matar hakimi, tana kushe komai. Ni ne mijinta na wasa, kamar yadda jika yake ga kaka, don haka ni nake shan mafi yawan baƙar magana.

"Dubi miji," in ji ta, ranar da na karɓi filafili na tuƙa mu muka yi ta juyi wuri ɗaya. "Bappa, amshe abinka, wanga ko akuya ba ya iya ƙetarwa da ita."

Ta fara cin abinci sosai, kumatunta suka ɗan ciko. Ina ganin haka na ce a raina, malam, aikinka ya yi kyau.

Ranar ƙarshe ta zo. Ban so tafiyar ta ƙare ba. Har warin kifin da ya dame ni da farko sai na ji ina sonsa. Na riƙa kallon bayan Baffa yana tuƙi, da tafin ƙafar Kaka mai faso, ina jin kamar in ce a ƙara mana ko da kwana ɗaya.

Da rana ta ɗaga muka iso inda ƙauyenmu yake a da. Ni dai ban ga komai ba sai ruwa shimfiɗe, da kawunan itatuwa busassu sun leƙo nan da can. Amma Baffa ya nuna wata kuka ya ce ta bakin kasuwa ce, ya nuna giginya biyu ya ce na masallaci ne. Tsamiyar ƙofar gidanmu tana can gaba, ana hango ta sarai. Maimakon ya miƙe zuwa gare ta, sai ya karkata jirgi dama, ya yi gaba kaɗan, ya sake karyawa hagu, yana ta kwana-kwana a fili fetal.

Na ce, "Baffa, ga tsamiyar can, me ya sa ba za mu miƙe ba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Mu miƙe ta ina? Nan gidan liman na. Cikin gida, wurin iyali. Kai haka anka koya maka, ka ratsa gidan mutane?"

Na buɗe baki zan ce ai ginin ƙasa ne, ya narke tuntuni, babu liman babu iyali sai tarwaɗa. Na dubi Kaka, na ga ta gyara lulluɓinta, tana kallon dama da hagu kamar mai tafiya a rariya tsakanin gidaje. Sai na haɗiye maganata. Muka bi lungu-lungu yadda ƙafa ta saba bi, muka kewaye maƙabarta daga nesa, Baffa yana addu'a ƙasa-ƙasa. Da muka kai tsamiyar ya kama reshe ya tsayar da jirgi, ya yi gyaran murya, ya yi sallama da ƙarfi.

Kaka ta ajiye laima. Ba ta yi kuka ba. Ta yi magana da muryar da take yi wa maƙwabta magana ta kan katanga.

"To, gida, ni ce. Ban nan anka tashi, shi ya sa ba ka gan ni ba. Cikinka anka kawo ni amarya, cikinka na haihu, cikinka na yi takaba. Ban da abin da zan ce sai godiya. Wanda na ɓata ma rai nan, shi yahe mani, ni ma na yahe. Na tahi. Sai wata rana in da rabo."

Ta ɗebi ruwa ta wanke fuska. Ni ne, mai farin wando, na kasa riƙe kaina. Kuka na yi sosai, irin na mai majina, ban ma san na wane ne ba, na gidan ko na tafiyar da ta ƙare.

"Assha," in ji Kaka. "Mijin wasu shina kamun kihi, nawa shina ƙara ma gulbi ruwa."

Muka yi dariya har da Baffa. Na share fuska, raina fari tas, na ce to yanzu sai ta zauna da mu da zuciya ɗaya.

Ta ce, "A'a. Bakura za ni."

Na ɗauka wasa ne. Ta ce ba wasa ba ne. Abin da ya tsare ta a wurinmu, in ji ta, gidan nan ne da ba ta sallama ba, don daga tudunmu ana hango ruwan. Yanzu ta sallame shi. Ni ta rene ni na zama mutum har ina koya wa 'ya'yan wasu, 'ya'yan Gwaggo kuwa suna can ba su san hannunta ba.

"Kai ka kawo ni, kuma ka kyauta," ta ce. "Kada ka ɓata ladarka."

Na yi musu har muka kai gaɓa, ban ci nasara ba, dama ban taɓa cin nasara a kanta ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, har yau ina jin sa. Amma ko yanzu aka mayar da ni baya, zan sake saka ta a jirgin nan. Tsohuwar da muka tafi da ita tana jiran mutuwa ne, wadda muka dawo da ita tana da wurin zuwa.

Ranar Talata, ranar da muka koma makaranta, ni na kai ta tasha a Mafara, na samo mata gaban mota, na ɗora mata kayanta. Da motar ta tashi ba ta waiwayo ba. Na tsaya har na daina hango ta, sannan na nufi aji, don yara suna jirana.