Cokali Shida na Gishiri

Shekarata biyu da kammala jami'a na fara koyar da ilimin kiwon lafiya a wata makarantar manya ta yamma a unguwar Ɗan Iya. Ɗalibaina mata ne, ashirin da bakwai a rajista, ko da yake ban taɓa ganin sun cika ba. Aikin allo na sani. Idan na yi kuskure fuskokinsu ke fara gaya mini, sai in waiwaya in sa tsumma in goge, in ce kowa ta gyara a littafinta. Kuskurena bai taɓa ƙetare ƙofar aji ba.

Da damina ta kankama sai ajin ya watse. Masu zuwa daga Miri suna gona, na Gubi kuma ruwa kan tare su a hanya. Shugabar makarantar ta yanke shawarar a buɗe guruf a waya, in riƙa naɗar darasi da murya ina turawa, kowace ta saurara lokacin da ta sami sarari.

Na ce, "Hajiya, ni fa ban saba magana da bango ba."

Ta ce, "Bango ba ya surutu a bayan aji, Malam. Ka gode wa Allah."

Kowane darasi sai na rubuta shi a takarda kafin in naɗa. Na biyar a kan ruwan gishiri da sukari ne, wanda ake ba yaro mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Haka yake a takardar, har yau tana hannuna. Sau uku na naɗa. Injin markaɗen maƙwabta ya ɓata na farko, tari ya ɓata na biyu. A na uku ban dubi takardar ba, don ina ganin na haddace, kuma cajin wayata ya kusa ƙarewa. Shi kaɗai ne darasin da na tura ban sake saurare ba.

Amsoshi suka yi ta shigowa. "Mun gane, Malam." "Allah ya ƙara basira."

Bayan kwana huɗu, ko biyar, ba zan rantse ba, wata dattijuwar ɗalibata daga Miri ta kira ni.

"Malam, jikata ce ke gudawa. Na haɗa ruwan nan yadda ka ce, cokali shida na gishiri, rabi na sukari. Da na ɗanɗana sai da idona ya kawo ruwa."

"Inna, kin ba ta?"

"Haba ɗana, ni da na reni tara? Zubarwa na yi. Amma fa kai ka ce ko yaro ya ƙi sha a daure a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan."

Na buɗe saƙon na saurara. Muryata ce, a natse, ba gargada, ta musanya gishiri da sukari.

Na yi ƙoƙarin gogewa, wayar ta nuna lokacin hakan ya wuce. Na naɗi gyara na tura, na rubuta, na bi su ɗaya bayan ɗaya da kira ina tambayar wa ta tura wa wani. A nan na gane abin da ban lissafa ba. Matan nan idan suka sami magana mai amfani ba sa riƙewa, turawa suke yi don neman lada. Wata ta sa a guruf ɗin dangi, wata a na Islamiyya, wata a na matan cocinsu. Na roƙe su su bi da gyaran duk inda suka tura na farko. Wasu sun yi. Ɗaya ta ce, "Malam, da wane baki zan ce musu malaminmu ya yi kuskure? Ai sai su raina karatun namu."

Nakan lallashi kaina cewa duk uwar da ta ɗanɗana za ta zubar. Sai in tuna ba kowace uwa ce ta reni tara ba.

Wajen ƙarshen damina na shiga keke mai ƙafa uku zan je Gubi. Wani magidanci a gefena ya ƙure ƙarar wayarsa yana sa wa direba wani saƙo. Tun daga sallamar na gane.

Na ce, "Alhaji, don Allah ka goge wannan. Akwai kuskure a ciki. Sukarin ne shida, gishirin rabi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai likita ne?"

"A'a. Amma ni na yi maganar. Muryata ce."

Direban ya tuntsire da dariya. Magidancin ya ce, "Samari, ka ji tsoron Allah. Wannan wani babban likita ne daga Kano, surukata ce ta turo mini."

Na ciro takardar daga jakata, don tun ranar ba na rabuwa da ita. Bai karɓa ba. Ya taɓa kafaɗar direba ya ce a sauke shi a kwana, ya sauka yana sa wayar a aljihu, ina jin muryata daga ciki tana cewa a daure a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan.