Guɗar da Na Yi wa Bungudu

Shekara ta fi talatin ina wanke rigunan 'yan ƙwallon unguwarmu a Tsafe, kuma ban taɓa ganin wasansu ba. Mace ba ta zuwa fili a lokacin, ko da filin na bayan katangarta. Namu kuwa haka yake. Filin makaranta ne, katangar gidanmu ce iyakarshi ta gabas.

Maigidana tela ne, shi ke yanka lamba da farin yadi ya ɗinka musu a baya. Shi ya fara kawo mini rigunan, ya ce in taimaka sau ɗaya. Ya rasu, Allah shi jiƙanshi, sau ɗayan bai ƙare ba. Yaran sunka girma, sunka yi aure, sunka aje tumbi, ƙannensu sunka karɓa, daga baya 'ya'yansu. Riguna sun canza ba adadi, amma kala ɗaya ce kullum, kore shar kamar ganyen dawa da damina.

Ban san lamba ba, ta ɓarna nake gane rigar kowa. Akwai mai tauna wuyan tashi kamar akuya. Akwai wanda kullum hammatarshi a yage, don gudu gare shi, sai an riƙe shi. Ta gola kuwa ban da magana, jar ƙasa tun daga gwiwar hannu har ciki. In sun ci, da yamman nan ake watso mini su tsakar gida, ana surutu a zaure. In an ci su, sai da safe in tarar da buhu a jingine, ba wanda ya yi sallama.

Ranar wasa nakan ɗauki tabarma da ƙwaryar gyaɗa in zauna gindin katanga ina ɓara. Da kunne nake kallo. Ihun cinmu dogo ne, da kiɗan gwangwani. Da na ji shi sai in aje ƙwarya in rangaɗa guɗa ta saman katanga. Sun ce har jiranta suke yi kafin su aje ƙwallo a tsakiya. Maƙwabciyata ta taɓa ce mini ba girmana ba ne. Na ce mata ba da maƙogwaronta nake yi ba.

Da gwiwa ta ƙi, hanya kuma ta lalace da tsoro, babban ɗana ya kwaso ni ya kawo ni gidanshi a Damba. Nan Gusau na shiga ajin manya na koyi baƙi da boko. Ranar da malama ta rubuta biyar a allo na yi dariya ni kaɗai, ashe ita ce ƙugiyar da na yi shekaru ina cuɗawa a bayan mai yagaggiyar hammata. Ɗaki mai kyau sunka ba ni, da fanka. Amma da la'asar ba abin da ake ji a unguwar sai janareto.

Sai ido ya fara. Na hagu ya tahi gaba ɗaya. Likita ya duba na dama ya ce ba yana ba ce balle a kankare, magani sai dai shi rage mishi sauri. Ban yi kuka ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, in ga yaran nan suna buga ƙwallo kafin shi ma shi rufe.

Ana haka na ji ɗana na waya, wai namu za su zo Gusau su kara da wata ƙungiya ta Bungudu.

"Da ni za a je," na ce.

"Inna, mi za ki yi a fili? Mutane su ce mi?"

"Su ce tsohuwa ta zo kallo. Ƙarya za su yi?"

"Ga rana, ga turereniya."

"Ka kai ni, ko in tari ɗan kabu-kabu a ƙofar gidanka, kowa shi gani."

Ya kai ni. Ya aje mini kujerar roba a inuwar dogonyaro kusa da raga ɗaya, cikin mutanen Tsafe, shi kuma ya zame wajen abokanshi, kunya ta hana shi tsayawa kusa da ni. Ban tambaye shi komai ba. Mi zan tambaya? Ga masu kore, ga masu ja.

Masu kore sunka taso wa ragar da ke gabana, kuma nan sunka yini. Na gan su da kyau, har zufar goshinsu. Ashe haka abin yake. Ashe ba gudu kaɗai ba ne, har da tsayawa, da yaudara, mutum shi nuna nan shi bi can. Akwai wani gajere mai gwame, ƙwallo kamar an ɗaure mishi ita da zare. Na ce wanga jikan mai naman bakin tasha ne, ƙafar gidansu ce. Wani dogo na ba shi ga zuriyar liman. Haka na bi su ɗaya ɗaya ina raba musu iyaye a Tsafe. Masu ja kuwa, duk da suna nan gabana suna tarewa, ban ko dube su ba, sai in ɗaya ya kwashe ƙafar nawa in ce Allah shi isa.

Mai gwamen ya zura ta a raga. Ban san sadda na miƙe ba, gwiwar ma ta manta da kanta. Na rangaɗa guɗa irin wadda na daɗe ban yi ba. Da na sauke sai na ji wajenmu tsit. Kowa ya juyo shina kallona.

Wani dattijo mai farin gemu ya ratso mutane ya durƙusa gabana.

"Inna? Tun daga can na gane muryar nan. Ni ne golanki na farko."

"Kai ne mai cika mini baho da jar ƙasa? Ji yadda ka tsufa."

"Tare muke yi, Inna. Amma yaushe kinka koma Bungudu ba mu ji ba?"

"Gidanku ne sunka koma Bungudu."

Ya yi dariya har hularshi ta zame, sannan ya rage murya. "Inna, mu ne ja."

Na dube shi, na dubi fili.

"Tun yaushe?"

"Bayan tasowarki. Wani mai hali ya saya musu sabbi, ya ce ja ta fi fitowa a hoto."

"Kuma kunka karɓa."

"Kyauta ce."

"Da ya kawo muku zane da kallabi ma sai ku ɗaura?"

Usur ya tashi, anka tahi hutu.

Na ce ba komai, akwai sauran rabi, yanzu zan kalli nawa. Abin da ban lissafa ba shi ne ana canza gida. Bungudu sun fi mu, wanga gaskiya ce, don haka wasan duk ya koma can ɗaya ragar, inda idona ba shi kaiwa. Ɗana ya zo, shi da tsohon gola sunka kama ni za mu zagaya, ɗaya riƙe da kujera. Tahiyar tsohuwa ce, ta bayan mutane, ba abin da nake gani sai bayan riguna da ƙeyoyi. Kafin mu isa an ci rabin lokacin. Da sunka zaunar da ni kuma, rana ta sauko daidai fuskata. Na kare da hannu, na kare da gyale, na matse idon har ya yi ruwa. Wani abu ja na wucewa, shi dawo, shi sake wucewa. Gola na tsaye a kaina shina faɗa mini, wancan ɗan wane ne, wancan jikan wane. Duk na san gidajen. Na wanke wa uban wasu, na wanke wa kakan wani. Ina cewa to, to, kamar ina gani.

Ɗaya da nema anka tashi. A mota ɗana ya ce za shi sake kawo ni in sun dawo. Ba su dawo ba waccan shekarar, an fitar da su daga gasa. Shekarar da ta biyo sun zo, amma a lokacin ko fuskar mai miƙo mini abinci sai ta matso sosai.

Yanzu da hantsi nake rubutu, a bakin ƙofa, da manyan baƙaƙe kamar na allo. Tsohon gola kan kira wayar ɗana duk ranar wasa a ba ni, in namu sun ci sai shi faɗa, in ba su ci ba sai shi tsaya gaisuwa da tambayar gwiwa. Ina tare da su har gobe, ja ko ba ja ba. Sai dai in na kwanta da rana na so in ga yaran unguwarmu a fili, gajeren nan na Bungudu ne ke zo mini, da gwamenshi, cikin koriyar riga.