Wani Bawan Allah Da Ba Ya Son A Faɗi Sunansa

Kafin a san ni da cin amana, da baki aka san ni. A unguwar Nima aka haife ni, ubana tela ne, uwata tana sayar da koko da ƙosai. Na gama sakandare na zauna gyaran waya a wani ɗan lungu, amma ainihin sana'ata surutu ce. Ko biki ko suna, in dai aka kafa rumfa aka jera kujerun roba, ni ake miƙa wa makirfo. Da samarin unguwa suka kafa ƙungiyar taimakon juna, mai yashe kwata da kai marasa lafiya asibiti, sai suka naɗa ni sakatare kuma mai shela. Ina son aikin nan, Allah shi ne shaida, ban shiga don in cuci kowa ba.

Taron neman taimako na farko da na jagoranta na rufin wata makarantar Islamiyya ne. Na yi awa guda ina zuba, na jawo aya na jawo hadisi, jama'a suna ta gyaɗa kai kowa hannunsa a aljihu yana jira wani ya fara. Shugabanmu, Alhaji Seidu, mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, ya yafito ni bayan rumfa. Ya ba ni ambulan mai kauri. Na leƙa, tsohuwar jarida ce aka ninninke a ciki.

Ya ce, "Je ka ce wani bawan Allah da ba shi son a faɗi sunanshi ya ba da sidi dubu biyar."

Na ce, "Alhaji, ai ƙarya ke nan."

Ya ce, "Kai yaro ne. Kaza ma sai an bar mata ƙwai ɗaya a gurbi take dawowa ta ƙara."

Na koma na ɗaga ambulan sama, na sanar, aka yi kabbara. Nan take masu hali suka ji kunya suka miƙe, mata suka shiga kwance bakin zane. An yi rufin makarantar, har yau yana nan. Shi ya sa ban ga laifin abin ba, na sa masa suna ƙaryar alheri na kwanta na yi barcina.

Sai dai daga ranar na gane wani abu. Abin da ake faɗa a lasifika da abin da ke cikin jaka ba za su taɓa zama daidai ba, kuma Alhaji ya san haka, don haka ya daina tsayawa a ƙirga. Na fara da ɗaukar kuɗin trotro, wato motar haya, ina ce wa kaina ai yawon ƙungiya nake yi. Daga nan sai katin waya, sai shadda, don sakatare bai kamata ya fito a yamutse ba. Kafin shekara biyu na sayi babur. Abin da ya fi muni shi ne na masu ba da sadaka a ɓoye na gaskiya, waɗanda ke jan hannuna gefe su danƙa mini kuɗi su ce kada kowa ya ji. Na kuwa cika musu alkawari, ba wanda ya ji. Na ƙarya nake sanarwa, na gaskiya in zuba a aljihu. 'Yan'uwanmu da ke aikin ƙarfi a Amurka da Jamus su ma lambar wayata suke turo wa gudunmawa, ni kuma in tura musu hotuna da addu'a mai tsawo.

Ana nan sai mota ta buge Mma Adiza. Ita ce mai sayar da waakye, shinkafa da wake, a bakin titin Maamobi, kuma babu wani saurayi a unguwarmu da bai taɓa cin abincinta kyauta ba ranar da aljihu ya bushe. Ƙashin cinyarta ya karye mummunar karaya. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, cikin gaggawa, in ana son a ceci ƙafar. Kuɗin aikin sidi dubu talatin ne. 'Yarta Rukayya ta zo shagona ido jawur, na ce ta kwantar da hankalinta, ƙungiya ta ɗauki nauyi.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka tare titi muka kafa rumfa. Mutane sun fito sosai, har 'yan mata masu dakon kaya a kasuwa sun kawo nasu. Ni kuma baki ya ɗebe ni. Bayin Allah uku na ƙirƙiro a ranar, kowanne ya fi na baya kauri. Da na haɗa lissafi a bainar jama'a sai na ce an cika, har da ɗoriya. Wuri ya kaure da kabbara, Rukayya ta durƙusa tana kuka. Abin da ke cikin jaka kuwa bai wuce rabi ba.

Ana kwashe kujeru sai ga Hajiya Fati ta sauko daga tasi. Babbar 'yar kasuwa ce mai sayar da atamfa a Tudu, cunkoson hanya ne ya makarar da ita. Ta nufo ni da jakarta a hammata, dattawa suna tsaye kewaye da ni.

Ta ce, "Ɗana, nawa ya rage? Faɗa mani, ni zan cika. Adiza ƙawana ne tun muna yara."

Wallahi na ji gaskiya ta taso mini har maƙogwaro. Amma minti goma da suka wuce na gama shelar an cika, ga idanu a kaina. Na ce, "Hajiya, ai an riga an cika." Ta ce alhamdulillahi, to za ta kai nata wani wurin da ake da buƙata. Ina tsaye ina kallo ta koma tasi da kuɗin da zai ceci ƙafar Mma Adiza.

Ko rabin da aka samu bai tsira ba, don na yanki wani abu na toshe ramin kuɗin kayan Sallar marayu da na riga na ci. Na ce a raina cikin mako guda zan haɗa sauran daga mutanenmu na ƙasashen waje. Su kuwa sun ga bidiyon kabbara, wa zai ƙara turo kuɗi a kan abin da aka ce ya cika? Kullum Rukayya sai ta kira. Yau in ce banki, gobe in ce Alhaji ya yi tafiya Kumasi sai ya dawo ya sa hannu. Wata rana ta ce, "Yaya, Mma ba shi barci. Ƙafan ya fara wari." Na ce ta ƙara haƙuri zuwa Juma'a. Da jiran ya yi yawa suka kai ta wurin mai ɗori, ciwon ya ci gaba da ruɓa. Ranar da aka mayar da ita asibiti, likita ya ce babu sauran dabara. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hajiya Fati ta je dubiya ta ji ba a taɓa biyan kuɗin aiki ba, ta wuce kai tsaye gidan sarkin unguwa. Aka tara mu. Limami ya ce in faɗa masa sunayen bayin Allah ukun nan a kunne, shi kaɗai. Dole na amsa cewa babu su, ƙirƙiro su na yi. Alhaji Seidu ya miƙe ya amsa cewa shi ya koya mini dabarar ambulan, ya ajiye shugabanci, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Sauran ɓarnar kuwa tawa ce ni kaɗai. Mutanen waje suka turo shaidar duk abin da suka aiko. Daga ofishin 'yan sanda sai kotu, alƙali ya ba ni shekara huɗu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai yunwa, akwai ƙaiƙayi, akwai kwana a gefe ɗaya don babu wurin juyawa. Ubana bai zo ko sau ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Uwata ce ke zuwa da garin rogo da soyayyen yajin shito, ta zauna ta yi ta kallona. Duk wannan bai dame ni kamar tuna tasin nan tana tafiya ba.

Da aka sake ni, kwana uku na yi a ɗaki kafin na iya tunkarar Maamobi. Na tarar da Mma Adiza zaune a keken guragu tana zuba wa mutane abinci, Rukayya tana miƙa mata ganyen ƙunsa abinci. Na durƙusa a gaban Mma Adiza. Ta dube ni.

Ta ce, "Da ka ce bai cika ba, da mi za a yi maka? Zagi ne kawai, ɗana." Ta share hannu a zane. "Na yafe, don ni ma ina son Allah ya yafe mani. Amma tukunyan nan ba ni iya ɗauka, kuma bayan Rukayya ya gaji. Gobe da asuba ka zo."

Yau shekara biyu ke nan ni ke ɗauko tukunyar daga gida zuwa bakin titi, in koma in turo keken.

Ku samari da 'yan mata masu ƙungiyoyi, na san yawancinku da zuciya ɗaya kuka fara, ni ma haka na fara. Kada mai riƙe makirfo ya zama shi ne mai riƙe jaka. Ku ƙirga kuɗin jama'a a gaban jama'a, kafin a kwashe kujeru, ko da wanda zai tsaya a kanku ya fi ku ƙanƙanta. Kada ku sanar da sidi ɗaya da bai shigo hannu ba, komai kyawun niyyarku. In kuwa bai cika ba, ku buɗe baki ku ce bai cika ba. Kunyar minti ɗaya na guje wa, Mma Adiza ta biya da ƙafarta.