Baba A-Hankali, ba a karɓe ni ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, uku ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Baba A-Hankali. Labarin ya same ni a ɗakin sarrafa injina, kan kujerar da ka koya mini zamanta. Aka ce jana'iza bayan azahar. Na miƙe, sai na tuna ba ni da ikon fita.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce rashin kara ne. Tukunyar roba muke gadi. Iskar gas ta shiga, a sa mata katalis, sinadarin da ke dunƙule ta ta zama garin da ake leda da jarka da shi. Ka ɗauke ido, zafi ya hau, garin ya narke ya kame, sai an tura mutane ciki da guduma. Shi ya sa mai gadinta ba ya tashi sai wani ya karɓe shi ya zauna.

Kai ne mai zama wa kowa. Ranar da matata take naƙuda, da silifas ka taho daga gida, ka dafa kafaɗata ka ce, "Tashi, ɗana, kafin yaron ya fara tafiya." In na cika hannu da katalis, sai ka tambaye ni ko miya nake zaton ina yi. Ka sha roƙon a sallame ka saboda ciwon ƙirji, ana ce maka ka ƙara haƙuri har a sami madadi. Ba a samu ba.

Ran nan babu wanda ban kira ba. Wannan ya yi tafiya, wancan ya riga ya isa gidanka. Wallahi har lambarka na lalubo kafin hankalina ya dawo. Ɗakin ko taga babu. Ina kallon allon kwamfuta aka sallace ka, ina kallon allo aka rufe ka. Na yi kuka, na ji haushin kaina, tukunya kuwa tana ta aikinta.

Da yamma na durƙusa gaban Mama, uwar 'ya'yanka, ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, na sani. Shi ma ranar da aka binne mahaifiyarsa ba a karɓe shi ba."

Ba ka taɓa gaya mana ba, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka huta. Mama, ke da ƙannena, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu.