Malam Mas'udu Baduku da Jirgin da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Kullum idan aka idar da sallar asuba a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou, a ƙasar Sin, tun masu shagunan waya ba su ɗaga ƙofofinsu ba, Malam Mas'udu Baduku yakan rataya jakar fata a kafaɗa ya gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke cikin jakar bai canja ba shekara goma sha tara: basilla uku, zare mai kaki, ƙaramin kasko, da ƙullin turaren wuta. Tafiyar kusan awa biyu ce zuwa Nansha, can kudu inda kogi ke zuba cikin teku. A bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya akwai wata 'yar masana'anta wadda fatakenmu ke wucewa ta gabanta, ba su san akwai Bakano a ciki ba.

Abin da ake ƙerawa a wurin shi ne jirgin da Turawa ke kira hobakiraf, mu kuma muke ce masa jirgin iska. Ba shi da taya, ba ya kuma nutsa ciki a ruwa irin na kwale-kwale. Fanka biyu gare shi. Ɗaya tana hura iska ƙarƙashinsa har ya ɗago daga ƙasa kamar taƙi ɗaya ko biyu, ɗayar tana baya tana tura shi gaba. An kewaye gindinsa da wata baƙar roba mai kauri da ake kira siket, ita ke tare iskar kada ta watse. Muddin siket na riƙe da iska, jirgin zai bi ta kan ruwa, ya hau tudu, ya ratsa laka, duk ɗaya ne a wurinsa. Ba shi da birki. Wanda ya fara ganinsa yana sulalowa daga teku ya hau gaɓa bai bar sawu ba, sai tsikar jikinsa ta tashi.

Matuƙin da ke gwada jiragen wurin dattijo ne Musulmi ɗan ƙasar, ana ce masa Lao Ma, tsohon sojan ruwa. Shi ke ba da labarin cewa sojoji suna da manya waɗanda ke ɗaukar tankar yaƙi daga tsakiyar teku su dire ta a gaɓar da babu tasha. Na wannan masana'anta ƙanana ne, na mutum shida zuwa takwas, masu ceto a ambaliya da masu awon gaɓa ke saye. Amma babba da ƙarami, in ji shi, ransu a siket yake.

Siket kuwa a hannun Malam Mas'udu yake. Sarin jakunkuna ya kawo shi Guangzhou, kasuwa ta juya masa baya, sai wani ya kai shi masana'antar a matsayin tafinta. Ran nan ya ga ana shirin jefar da siket saboda yagewa, ya roƙa a ba shi. Ɗinkin da kakanninsa ke yi wa salka shi ya yi masa. Daga ranar bai koma tafinta ba. Idan an ɗaure jirgi an tashe shi a hankali, yakan kewaye shi a durƙushe da kaskon turare a hannu, yana kallon hayaƙi. Inda hayaƙin ya karkace ya gudu ba bisa ƙa'ida ba, nan ɓaraka take, ko da ido bai gan ta ba. Mai masana'anta ya sha cewa, "Gobe za a ɗauki wannan." Shi kuma ya girgiza kai ya ce, "Laoban, mei yo." Wato maigida, babu. Ba ya ƙara kalma, jirgin kuma ba ya fita.

Kai ne, Malam Mas'udu, mai ɗinkin da ba a gani. Aikinka yana ƙarƙashi, inda laka ke rufe shi tun a fitar farko.

A watan Maris na shekarar 2017, lokacin da jiƙaƙƙen hazo ke sauka a bakin teku har bango ya yi ta gumi, wata 'yar kasuwa daga Maraɗi, Hajiya Saffana, ta faɗo masana'antar ba takalmi, an ce mata akwai Bakano a ciki mai suna Mas'udu. Ita da ƙanenta Shitu sun zo duba kaya a ɗakin ajiya da ke kusa. Azahar ta yi, famfon wurin a kulle. Shitu ya leƙa bayan katanga ya ga teku ya janye, ya bar fili shimfiɗe, ruwa na ƙyalli can nesa. A garinsu idan gulbi ya ƙafe, ta cikinsa ake bi da jakuna. Sai ya naɗe ƙafar wando ya tafi alwala. Hazo ya rufe bayansa. Ya kira ta a waya sau ɗaya, ya ce ƙasa ta kama shi zuwa cinya, daga nan wayar ta mutu.

Hajiya ta ce, "Baba Mas'udu, ƙanena! An ce ruwan zai dawo. Da gaske ne zai dawo?"

Lao Ma ya dubi agogo ya ɗaga yatsa ɗaya: awa guda. An kira masu ceto, amma kwale-kwale ba ya tafiya inda babu ruwa, mota ba ta shiga laka, mutum kuma idan ya bi shi sun zama biyu. Jirgi ɗaya ne a farfajiyar, shi ma da tsaga kamu ɗaya a siket, Malam Mas'udu da kansa ya hana shi fita shekaranjiya.

Sai ya kwanta rigingine a kan jiƙaƙƙen siminti, ya ɗora faci, ya shiga soka basilla. Waɗanda suka tsaya a kansa sun ce bai tsallake ko huda ɗaya ba, duk da Hajiya na zagaye shi tana cewa, "Baba, ya isa haka, don Allah ya isa." Minti ashirin ya ci. Da ya ƙulle zaren ya tashi ya hau jirgin, abin da bai taɓa yi ba, domin bai iya ruwa ba.

Suka sulale daga gangara suka shiga farin hazon. Babu sama babu ƙasa, sai rurin fanka. Lao Ma ya yi ta kewaye a inda yake zato, ba su ga kowa ba, ko da mutum na ihu kuma ba za a ji shi ba. Malam Mas'udu ya taɓa kafaɗarsa ya nuna makunni. Lao Ma ya ce idan ya kashe, jirgin zai zauna, laka ta tsotse cikinsa, wataƙila ya sake tashi, wataƙila a'a. Malam Mas'udu ya sake nunawa.

Aka kashe. Siket ya saki numfashi, jirgin ya durƙusa. Shirun da ya biyo baya, Lao Ma ya ce bai taɓa jin irinsa ba ko a soja. Sai ƙananan ramukan ƙaguwa da ke ta kumfa, alamar ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Suka kira sunan Shitu har sau biyar. Babu amsa. Mutumin da ya yi awa yana ihu yakan kai inda zai daina, ya koma shirin gamuwa da Ubangijinsa. Malam Mas'udu ya san haka. Ya kuma san abu ɗaya da Musulmi ba ya barinsa ya faɗi ƙasa. Ya miƙe tsaye, ya kewaye baki da tafuka.

"Assalamu alaikum!"

Can sai aka amsa, a raunane. Amma daga wuri biyu aka amsa, dama da hagu, ɗaya na bin ɗaya. Lao Ma ya ɗaga yatsu biyu, fuskarsa ta yi fari. Idan jirgin ya yarda ya tashi, lokacin da ya rage na zuwa gefe ɗaya ne.

Malam Mas'udu ya sake ɗaga murya. "Bawan Allah, mutumin ina ne?"

Daga dama aka ce, "Maraɗi."

Hagu ba ta ce komai ba.

Lao Ma ya murza makunni. Fanka ta yi kuka, jirgin ya girgiza yana ja da laka, facin ya kumbura kamar zai fashe, sannan suka ji an sake su. Suka tarar da Shitu laka ta kai masa ƙirji, ruwa na lasar haɓarsa, idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi. Suka shimfiɗa katako, Malam Mas'udu ya kwanta a kai ya zura hannu yana buɗa wa ƙafafunsa hanya, Lao Ma na ja da igiya.

"Kai ɗan Maraɗi, sari aka aiko ka ko shuka kanka kamar rogo?"

Shitu ya buɗe ido. "Baba, wandona ya tafi."

"Bar shi, an yi wa ƙaguwa sadaka. Miƙo hannu."

Da suka juyo, filin da suka ratsa ya riga ya zama teku.

An sha tambayarsa wa ya amsa daga hagu. Wasu sun ce katangar gaɓa ce ta maido da murya. An ƙidaya ma'aikatan yankin, ba a rasa kowa ba. Shi dai cewa yake, "Na yi sallama, an amsa. Sauran sani na Allah ne." Lao Ma kuwa bai ƙara kashe inji a wannan wuri ba.

A bana gwiwoyi sun gaza, ido ya rage, Malam Mas'udu zai koma Kano. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi da Yamai suka tsaya a bakin titi suka yi masa addu'a. Da yawansu a ranar suka fara jin irin aikin da yake yi.

Kai ne wanda ka ƙi gaggawa a ranar da kowa ke roƙonka gaggawa, domin ka san ɗinkin da aka tsallake huda ɗaya mutum uku zai binne. Kai ne ka hau abin da kake tsoro saboda baƙon da ko fuskarsa ba ka sani ba. Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya kai ka gida lafiya, ya sa ƙarshe ya yi kyau.

Ku kuma matasanmu da ke zuwa ƙasar nan, kada ku raina sana'ar gidanku, kada kuma ku sassauta aiki don yana inda ba mai dubawa. Shitu yana nan da ransa a Maraɗi. 'Ya'yansa huɗu, uku daga ciki bayan wannan azahar aka haife su.