Karkatacciyar Huɗar Malam Tanko

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Karakkai da damina ya san gonar Malam Tanko, ko da bai san mai ita ba. Kunyoyinta ne ke tsayar da mutum. A da miƙaƙƙu ne sar, daga bakin hanya har gangare, kamar an ja su da zaren tela. Shekara talatin da 'yan kai yana huɗa da shanu, a gonarsa da gonakin mutane, har daga Bungudu ake zuwa ɗaukarsa, kuma ba a taɓa samun wanda ya nuna inda garmarsa ta goce ba. Shi ne namijin da aka samu bayan mata biyar, shi ya sa ake ce masa Tanko, kuma tun yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗora masa hannu a kan garma. Mutum ne da ko tabarma aka shimfiɗa masa a karkace sai ya gyara ta kafin ya zauna. Mu maƙwabta mukan juya masa takalmi ɗaya a ƙofar masallaci da gangan, don kawai mu ga yadda fuskarsa za ta yi.

To amma a lokacin gonar ba ta da lafiya. A gangare take, kuma daga ƙasa wani kwazazzabo ya buɗe baki yana cinta. Wata damina ya ci taki bakwai, ta gaba taki goma. Ya jera buhunan yashi, ruwa ya tafi da su. Ya zuba duwatsu, ruwa ya kewaye su. Gonakinsa na daji kuwa yanzu ba mai zuwa, saboda 'yan bindiga. Wannan ɗayar ta rage masa, ga baki goma sha ɗaya a gida. Damina biyu ko uku nan gaba, abin da zai saura bai fi filin shanya barkono ba.

Yana da 'ya, Hussaina, wadda ke karatun lissafi a jami'a a Gusau. Tagwaye ne, Hassana tana aure a Tsafe, ita kuwa ta ce littafi. Mu dai mun ɗauka lissafi yana ƙarewa ne a sha biyu sau sha biyu. Hamidu, taubashin Malam Tanko, wanda bakinsa ba ya hutawa, kullum sai ya tare ta.

"Hajiya Lissafi, shekara biyu kina ƙirga, har yanzu ba ki kai ƙarshe ba? Mi ya rage?"

"Ku nike ƙirgawa, Baba Hamidu. Surutunku na ba ya ƙarewa."

Da bazara ta zo hutu tare da ƙawarta Rebecca, 'yar wani kafinta a Gusau, ajinsu ɗaya. Suka zo da doguwar tiyo mai garai-garai irin ta magina, da tef, da damin turaku. Suka cika tiyon da ruwa, wannan ta riƙe baki ɗaya, waccan ta riƙe ɗayan, suna kafa turke duk bayan taki biyar suna duba inda ruwan ya tsaya suna rubutawa. Kwana uku suna wannan a rana. Hamidu ya zagaya gari yana cewa 'yan jami'a sun zo yi wa gonar Tanko ƙarin ruwa, a yi mata addu'a.

Rana ta huɗu bayan la'asar Hussaina ta shimfiɗa wata babbar takarda a tsakar gida, ta danne gefunanta da duwatsu. Takardar cike take da ƙananan kibau, kowace da inda ta sa gaba.

"Baba, in ka tsaya wuri guda cikin gona ka yi taki ɗaya gabas, ƙasa za ta sauka ko ta hau da wani gwargwado. In ka dawo ka yi taki ɗaya arewa, ta sauka ko ta hau da wani gwargwadon daban. Abin da ake koya muna ke nan, kalkulas na abu mai canzawa ta fuska fiye da ɗaya. A riƙe ɗaya a auna ɗaya, sannan a gama su. In an gama, sai kibiya ta fito. Ita ka nuna inda gangaren ya fi tsanani, kuma nan ruwa za ya bi."

Malam Tanko bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Amma ya durƙusa, ya ɗora yatsa a kan kibiya ta farko, ya bi ta biyu, ya bi ta uku. Yatsan ya gangara, ya lanƙwasa, ya tsaya. Sai ya tambaye ta.

"Nan gindin kuka na?"

"Nan na, Baba."

"Nan ruwa ka juyawa. Shekara talatin ina tsayawa cikin ruwan sama ina kallonai yana juyawa nan." Ya ɗago ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara ganinta. "Ke ba ki taɓa shiga gonar ga ana ruwa ba. Ƙasa busasshiya kuka auna. Wa ya gaya miki?"

"Lissafin na."

"Ikon Allah," in ji shi. Ya sake faɗa sau biyu, a hankali.

Ya ci gaba da bi da yatsa, sai ya tsaya wani wuri ya girgiza kai. Ya ce nan takarda ta yi ƙarya, ruwa ba ya miƙewa, rabuwa yake biyu. Rebecca ta duba lambobinta ta ce ba kuskure. Suka ɗunguma gona. Ashe wani tsohon suri ne da ya baje, ya faɗa daidai tsakanin turaku biyu, awo ya tsallake shi. Suka ƙara turaku, suka sake lissafi, kibau suka rabu biyu yadda ya faɗa. Rebecca ta riƙe baki.

"Baba, wallahi da kai malaminmu zai fi jin daɗin aji."

Daɗin bai daɗe ba, don Hussaina ta zo kan maganar da ta kawo ta. Kunyoyinsa, in ji ta, kan kibau suke kwance. Kowane kwari hanya ce ya share wa ruwa, miƙaƙƙiya, har bakin kwazazzabo. Dole huɗa ta gitta wa kibiya a kowane wuri, ta bi inda ƙasa take daidai wa daida. Tunda kuwa kibau suna juyawa, huɗar ma sai ta juya. Har ta yanka gonar ƙanana-ƙanana a takarda ta tara ruwan da kowane yanki zai tara, ta nuna masa inda za a ɗaga kunya ta fi sauran tsayi.

"Ki ce in yi karkatacciyar huɗa."

"Mai lanƙwasa, Baba."

"A bakin hanya. Inda kowa ka wucewa."

Kwana biyu ko tuwo bai ci da kirki ba. Wato shi da hannunsa, da gwanintar da ake yabonsa da ita, shi ya yi ta ciyar da kwazazzabon. Rana ta uku ya je ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, ya dawo ya ce a kafa masa turaku.

Ranar huɗa rabin gari ya fito. Bijimansa biyu, da suka saba tun suna maruƙa in sun sa kai ba sa waiwaye, suka ƙi lanƙwasa. Ya ja, suka tsaya suna kallonsa. Sai da Hussaina ta shiga gaba da dusa a kwano tana bin turaku, su suna bin ta, shi yana bin su yana zufa. Hamidu kuwa har da zama a ƙasa.

"Jama'a ku zo ku gani! Maciji ya yi wa Tanko huɗa! Taubashi, in idon na ya tafi ka faɗi, mu kai ka asibiti!"

Malam Tanko ya ci gaba da huɗarsa. Wata guda ya daina zama majalisa, kuma mutum biyu da suka saba ɗaukarsa huɗa suka nemi wani.

Cikin marka, wata Talata da azahar, aka yi ruwan da ya rusa katangu uku a unguwarmu. Kowa na gudu gida, Malam Tanko ya yafa buhu ya nufi gona. Ya tsaya gindin kuka, inda ya saba tsayawa yana kallon ƙasarsa tana tafiya. Ya jira jan ruwan nan mai ƙara. Bai zo ba. Ruwan ya kwanta cikin kowane kwari, layi bayan layi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, yana ƙyalli, dawa tsaye a tsakani. Wuri ɗaya kunya ta fashe, ya toshe da ƙafa. Ya gangara bakin kwazazzabo, inda ya kafa sanda tun farkon damina don ya ga ko ramin zai ƙara ci. Sandar tana nan. Abin da ke zuba cikin ramin bai fi na bakin buta ba.

Nan Hamidu ya same shi, jiƙe sharkaf, don shi ma tasa gonar ya je dubawa, ya tarar ruwa ya tafi da kwatarta. Ya dubi gonar Tanko sama da ƙasa. Sai ya juya ya kama hanyar gida.

Da Hussaina ta zo ƙarshen mako, uban ya sa ta ɗauko littafin da abin ya fito. Ya auna nauyinsa a hannu, ya fi bulo.

"Namu aikin, ina yake ciki?"

Ta kama 'yan shafuka tsakanin yatsu biyu, ba su kai kaurin ƙosai ba. "Ga shi. Karatun sati biyu na."

"Sauran fa?"

"Akwai na iska, da na zafi, da na yadda ruwa ka tafiya ƙarƙashin ƙasa."

Ya daɗe yana kallon sauran shafukan. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya miƙa mata littafin da hannu biyu.

Bana damina ta uku ke nan sandar tana tsaye inda ya kafa ta. An huɗe gonar Hamidu ma, a lanƙwashe, kuma Malam Tanko ne ya huɗe ta, bayan ya sa shi ya roƙa sau uku a gaban majalisa. Tabarma dai har gobe in ka shimfiɗa masa a karkace sai ya gyara.