Zanen Kaltuma a Tafkin Zermu

"Wai tsohon nan mai gyaran injin ban ruwa matuƙin jirgi ne?"

"A Damagaram? A wane ruwan, na randa?"

"Wallahi haka aka ce. Ka duba tafin hannunsa in ya miƙo maka."

A bakin wata rumfa a unguwar Birni ta Damagaram, wato Zinder, ake wannan magana. Wanda ake yi da shi yana ciki, ya duƙufa kan inji, yana jin su. Sunansa Bukar, ana kiransa Ba Bukar, wato Baba Bukar. Iyayensa Barebari ne da suka daɗe a Zinder. Yana saurayi ya bi motar kaya zuwa Ngigmi, ya ga Tafkin Cadi, bai dawo gida ba sai da furfura.

A can ya yi jirginsa na katako, yana kai kanwa da banda tsakanin tsibirai. Inda ciyawa ta yi yawa sai ya tura da gora. In ya fita fili ya tada inji. In iska ta zo ta baya kuwa, sai ya ɗaga wani zane da matarsa Kaltuma ta ɗinka masa da buhunan gishiri, ya ɗaure a doguwar sanda, iska ta taya injin. Sauran matuƙa suna yi masa dariya, wai ya shanya wankin matarsa. Amma shi ke riga su isa, esansinsa, wato man inji, kuma bai ƙare ba.

Da zaman tafkin ya gagara, suka baro jirgin da komai. Zanen kaɗai Kaltuma ta naɗe ta ɗora a ka. Ba ta daɗe a Zinder ba Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan zanen yake rataye a ɗakinsa, ya tsufa har zaren yana sakin jiki, ba wanda ya isa ya taɓa.

Bana damina ta yi ƙarfi a ƙasar Zermu, inda ƙanwarsa Delu take aure. Tafkin ƙauyensu ya cika ya raba gari da gonaki. An yi girbi, damman gero suna jibge a ƙetare, amalanke ba ta da hanya, ga hadari bai gama ɗaukewa ba. Alkasum, babban ɗan Delu, ya samo wani tsohon kwalekwale da ɗan inji na aro, ya zo Birni a kan babur.

"Kawu, injin nan in an yi lodi tari kawai yake. Inna ta ce ka zo, kuma ka taho da zanen nan."

"Ni zan zo. Zane ba ya zuwa."

"Kawu, in ruwa ya sake dukan geron nan tsirowa zai yi."

"Na ji. Iska ɗaya za ta yage shi, Alkasum. Shi ke nan abin da ya rage mini."

Ba Bukar ya shiga ɗaki ɗaukar hula, ya jima, ya fito da ƙunshi a hammata. Suka hau babur suka kama hanya.

A bakin tafki ya ajiye ƙunshin a inuwa, ya ce a fara gwada inji da hannu. Aka ƙetara aka yi lodi, maza suka shiga, kowa da filafilin tuƙi da aka sassaƙa jiya. To, su manoma ne, aikin gayya suka sani, inda kowa ke son ya riga na kusa da shi fitar da kunyar noma. Na dama suka dage, na hagu suka ce ba za a kada su ba. Mahamud, wani ƙato da ba a taɓa wuce shi a noma ba, yana dama, sai jirgin ya karkace ya soma zagaye wuri ɗaya. Mata a bakin ruwa suka kwashe da dariya.

"Mahamud, gida za ka ko gona?"

"Ku yi min shiru! Na hagu ne ragwaye!"

"Kai, ɗan nan," in ji Ba Bukar, "nan ba wanda zai riga wani isa. Jirgi ɗaya kuke ciki. Ka bi hannun wanda ya fi ka rauni."

Suka daidaita, jirgin ya miƙe. Amma inji da hannu duka, tafiyar ba ta wuce ta tsohuwa mai ɗauke da itace ba. Kafin su sauke lodin farko su koma, gabas ta yi baƙi. Iskar hadari ta taso daga wajen gonaki, tana nufar gari.

Ba Bukar ya tsaya yana jin ta a fuskarsa. Irin wannan iska ce yake jira da can a Cadi. Delu ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Yaya, in ba ka so, a bari. Allah na nan."

"Miƙo min ƙunshin."

A ƙetare suka kafa sanda, ya ɗaure zanen da hannunsa. Da ya buɗe, har yanzu ana ganin shuɗin rubutun buhunan. Iska ta cika shi, jirgin ya yi wata girgiza ya zabura, ruwa ya soma kuka a gefensa. Masu tuƙi suka yi ihu.

"Kawu, in ƙara wa inji wuta? Mu ninka gudu!"

"Rage masa ma. Ba shanun huɗa ba ne da za ka ƙara ɗaya aiki ya ninku. Dubi goshin jirgin, ya fara tara ruwa. In ka matsa masa nutsewa zai yi."

Alkasum ya rage. Gudun bai ragu ba. Ba Bukar yana riƙe da igiya, yana sassautawa yana ja, bakinsa na motsi da wata waƙar Barebari da ba wanda ya taɓa jin ya yi.

Haka suka yi ta kai da komowa, komawa da inji da hannu, dawowa da iska. Ana cikin wata dawowa, daf da gari, aka ji ƙarar yagewa. Zanen ya tsage daga sama har kusan tsakiya. Ba Bukar ya sauke shi a hankali, ya rungume, suka ƙarasa da hannu.

Hadarin ya juya kudu, yayyafi kawai aka samu. Fiye da rabin geron ya shigo gari, saura yana ƙetare. Ba Bukar ya shimfiɗa zanen a ƙofar gidan Delu, ya bi tsagar da yatsa, ya daɗe a tsugune.

"Delu, ɗauko basilla da zare mai ƙarfi, gobe akwai sauran lodi. Amma don Allah kada ki warware ɗinkinta. Ki bi ta gefensa."